Yadda Ake Noman Shammam a Cikin Gida

Shammam ɗin da nake nufi shi ne mai kaushin ɓawo, wanda zanen raga ya lulluɓe bayansa, cikinsa ruwan lemo, mai ƙamshin da ke cika ɗaki idan ya nuna. Dangin gurji ne na kusa, kuma yana da alaƙa da kankana da kabewa. Daga shuka zuwa cira yakan ɗauki kwana 75 zuwa 90, gwargwadon iri da yanayi. Fitar da shi ba wuya, kowa zai iya. Inda aikin yake shi ne samun zaƙi, domin mutane da yawa sukan yi ta ɗawainiya wata uku, a ƙarshe su yanka su tarar da shi lami. Ganye ne ke haɗa zaƙin da hasken rana, yawancinsa kuma a mako biyun ƙarshe yake taruwa a cikin ɗan, kuma da zarar an cire shi daga jikin yaɗo zaƙin ba ya ƙaruwa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Kayan da za ka tanada

- Iri mai kyau, ƙwaya 15 zuwa 20 sun ishi ƙaramin lambu
- Fartanya, da shebur in akwai
- Ruɓaɓɓen takin gargajiya: kashin awaki, na tumaki, na shanu ko na kaji, bokiti guda ga kowane rami
- Tokar murhu
- Takin zamani NPK 15-15-15 kaɗan, in da hali
- Bokiti ko butar ban ruwa
- Busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi ko buntun shinkafa don rufe ƙasa
- Ƙwallon darbejiya da sabulu don feshi
- Tsofaffin yadi marasa nauyi ko takarda, da zare, don rufe 'ya'ya
- Kara ko zana don yin danga, idan akwai kaji ko awaki a gidan

Game da iri, in ka samu na kanti wanda ke cikin fakiti, duba ranar da aka rubuta a jiki. Daga cikin masu raga akwai Hale's Best, tsohon iri ne mai jure zafi, akwai kuma Galia mai koren ciki. Idan babu, sayi shammam mai zaƙi a kasuwa, ka sha, ka wanke ƙwayoyin ka shanya su a inuwa. Sai dai ka sani yawancin na kasuwa aurarren iri ne, wanda ake rubuta wa F1 a fakiti, 'ya'yansa ba lallai su yi kama da uwar ba. Za su fito, amma wani gindin zai yi daɗi wani ba zai yi ba.

Mataki na 1: Zaɓen lokaci

Shammam ɗan rani ne. Yana son rana mai ƙarfi, da busasshiyar iska, da ruwa a saiwa kawai. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar lokuta biyu ne suka fi dacewa. Na farko shi ne ƙarshen damina, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, yadda zai yi ƙarfi kafin sanyi ya kankama. Na biyu shi ne Fabrairu, lokacin da hunturu ya fara sassautawa, sai a cire a Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka. Ni na fi son na biyun, don zafin bazara shi ke ba shi zaƙin da ake nema.

Kada ka shuka a tsakiyar sanyi, Disamba zuwa Janairu. Ƙasa mai sanyi tana sa iri ya daɗe bai tsiro ba, wani ma ya ruɓe a ciki. Damina kuwa za ta ba ka yaɗo kore shar, amma cutar ganye za ta cinye shi, 'ya'yan da suka tsira kuma ruwa ne zalla. Mai son ya sha nasa a buɗa-baki sai ya ƙirga wata uku baya daga farkon azumi, ya duba ko lissafin ya faɗa cikin waɗannan lokuta.

Mataki na 2: Zaɓen wuri

Nemi inda rana ke duka aƙalla awa shida zuwa takwas. Gindin mangwaro ko jikin katangar da ke tare rana rabin yini ba zai yi ba. Ƙasar da ta fi ita ce jigawa mai ɗan ƙarfi, wadda ruwa ke shigewa ba ya kwanciya. Idan taka laka ce mai riƙe ruwa, haɗa ta da yashi da taki, ka ɗaga kunya mai tsayin taƙi guda ka shuka a kanta.

Abu guda da ake yawan mantawa: kada ka shuka inda aka yi kankana, kabewa, gurji ko kokwamba a shekara biyu ko uku da suka wuce. Cutarsu ɗaya, kuma tana zama a ƙasa. Wurin da aka cire albasa, masara ko dawa ya fi.

Mataki na 3: Rami da taki

Haƙa rami mai faɗin kamu guda, zurfinsa kamar santimita 30. Tsakanin rami da rami ka bar babban taku ɗaya, wato kusan mita guda, tsakanin layi da layi kuma mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Wurin zai yi maka kamar ya yi yawa a ranar farko. Idan yaɗo ya bazu ba za ka ga ƙasa ba.

A kowane rami zuba bokitin taki da tafin hannu guda na toka, ka cakuɗa da ƙasar da ka fitar, ka mayar. Ka jiƙa shi sosai, ka bar shi mako guda kafin shuka. Takin dole ya zama ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi, ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ɗanyen na shanu kuma yana kawo gara da ciyawa, ga ƙwayoyin cuta da za su iya maƙalewa a ɓawon abin da za a ci ɗanye. Idan ba ka da takin dabbobi, ruɓaɓɓen ganye da sharar kicin da suka zama ƙasa za su yi, sai ka ƙara murfin kwalba biyu na NPK ka gauraya da ƙasar.

Mataki na 4: Shuka

In kana shakkar irinka, gwada shi tukuna. Naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana huɗu ko biyar, in bakwai ko fiye sun fitar da farar saiwa, irin yana da rai.

A tsakiyar kowane rami sa ƙwaya uku a warwatse, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, kamar santimita biyu. Rufe da ƙasa mai laushi, ka ɗan danna, ka yayyafa ruwa a hankali don kada ya tono su. Cikin kwana huɗu zuwa bakwai za su ɓullo. Binne iri da zurfi shi ne kuskuren farko na sabon manomi, tsiron yakan ƙare ƙarfinsa kafin ya kai sama.

Shammam ba ya son a taɓa masa saiwa, shi ya sa shuka kai tsaye ta fi dashe. Amma idan ƙadangaru ko ɓeraye suna tone maka iri, rene shi a ledar ruwan sha da ka huda gindinta, ƙwaya ɗaya a kowace leda. Idan ya yi ganyen gaske biyu, sai ka yaga ledar ka dasa shi da ƙasarsa ba tare da ta warwatse ba, da yamma, ka ba shi ruwa nan take.

Mataki na 5: Rage tsiro, ban ruwa da ƙarin taki

Ganye biyun farko masu santsi ba su ne ganyen gaske ba. Jira masu kaushin su fito. Idan sun kai biyu ko uku, zaɓi tsiron da ya fi ƙarfi a kowane rami ka bar shi, sauran ka datse su da farce ko reza a daidai ƙasa. Kada ka tumɓuke, za ka girgiza saiwar wanda ka bari. Na san zubar da lafiyayyen tsiro yana da ciwo, amma gindi uku a rami ɗaya ganye za su ba ka da ƙananan 'ya'ya marasa daɗi.

Ban ruwa da safe ya fi. Yi ɗan kwarmi kewaye da gindin, nesa da shi kamar taƙi guda, ka riƙa zuba ruwan a nan. Kada ruwa ya kwanta a wuyan shukar, kada kuma ka watsa a kan ganye, jiƙaƙƙen ganye shi ke gayyato cuta. A mako biyun farko kullum kaɗan-kaɗan. Bayan haka ka koma ba shi da yawa amma jefi-jefi, bayan kwana biyu ko uku a lokacin sanyi-sanyi, kullum a tsananin bazara idan ƙasar yashi ce. Cusa yatsa cikin ƙasa: in akwai danshi a gaɓa ta biyu, bar shi sai gobe. Da tsakar rana ganyen yakan yi laushi ko da akwai ruwa, wannan ba komai ba ne. Wanda ya wayi gari a yanƙwane shi ne mai ƙishi.

Idan ruwa na da wuya a unguwarku, binne ƙaramin tulu marar fenti kusa da gindin, bakinsa a waje, ka riƙa cika shi kana rufewa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa daidai saiwa. Robar ruwa da aka huda da allura ita ma tana yi. Ruwan wanki mai omo kuwa kada ya kusanci wurin.

Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntu a kan ƙasa, amma ka bar tazara kaɗan daga gindin. Yana riƙe danshi, yana hana ciyawa, yana kuma raba 'ya'ya da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan shuka ta kai mako uku, binne murfin kwalba ɗaya na NPK a cikin kwarmin, ka maimaita idan fure ya fara. Ka guji takin yuriya da yawa. Za ta ba ka ganye manya-manya, fure kaɗan, da 'ya'ya masu fashewa.

Mataki na 6: Datse kai

Furen da ke zama ɗa ya fi fitowa a rassan gefe, ba a kan uwar yaɗo ba. Saboda haka idan shuka ta yi ganyen gaske biyar, tsinke kan da ke tohowa. Rassa za su fito daga hammatar ganye. Bar biyu ko uku masu ƙarfi, ka jera su su miƙe ta fuskoki daban-daban don kada su hau juna. Wasu sababbin iri suna yin rassa da kansu ko ba a datse ba, don haka in ka tsallake wannan mataki ba asara ba ce, sai dai 'ya'yan su ɗan makara.

Mataki na 7: Fure da haɗa shi

Wajen kwana 30 zuwa 40 za ka ga ƙananan furanni rawaya. Na farko duk maza ne, suna buɗewa su kaɗe. Kada hankalinka ya tashi, haka yake. Bayan kamar mako guda matan za su fito. Juya furen ka duba bayansa: namiji siririn tsinke ne kawai ke riƙe da shi, mace kuwa tana da ɗan kumburi mai gashi-gashi, girman ƙwayar gyaɗa. Wannan kumburin shi ne shammam ɗin.

Ƙudan zuma ke ɗaukar garin fure daga namiji zuwa mace. A cikin gari, musamman gidan da aka kewaye da doguwar katanga, ba sa zuwa sosai, sai ka ga ɗan kumburin ya yi rawaya ya faɗi. To sai ka yi aikin da kanka. Da sassafe, tsakanin ƙarfe bakwai da tara, tsinko namijin da ya buɗe a ranar, ka cire masa rawayen ganyayyakin, tsakiyarsa mai gari ta rage. Goga ta a hankali a tsakiyar furen mace. Ka yi amfani da namiji biyu ga kowace mace in akwai. Furen yini ɗaya kawai yake buɗewa, in ka bari sai yamma ka makara. Bayan kwana uku ko huɗu, wanda ya kama zai fara girma, za ka ga ya sunkuya ƙasa. Ɗaura ɗan zare kusa da shi ka rubuta ranar, za ta yi maka amfani wajen cira.

A wannan lokaci kada ka yi feshin komai da safe. Maganin da ya kashe ƙwaro zai kashe zuma.

Mataki na 8: Rage 'ya'ya da kare su daga ƙuda

Idan 'ya'yan sun kai girman ƙwai, zaɓi uku ko huɗu masu kyawun siffa a kowane gindi, gara a rassa daban-daban, ka cire sauran. Ganyen gindi ɗaya ba zai iya cika 'ya'ya takwas da zaƙi ba. A reshen da ke ɗauke da ɗa, ƙirga ganye biyu ko uku a gabansa ka tsinke kan.

Babban abokin gaba a nan shi ne ƙudan 'ya'yan itace, wanda ke addabar kankana da kabewa. Ya ɗan fi ƙudan gida siranta, launinsa ja-ja da ɗigon rawaya. Macen tana huda ɓawo tun yana da taushi ta sa ƙwai. Alamar ita ce ɗan tabo mai fitar da danƙo, daga baya wurin ya lotsa, in ka fasa ka tarar da fararen tsutsotsi. Feshi ba ya kai wa ga tsutsar da ke ciki. Maganin da na amince da shi shi ne rufewa: da zarar furen ya bushe ɗan ya kama, sa shi a jakar yadi marar nauyi ko ta takarda, mai faɗin da zai ishe shi girma, ka ɗaure bakin sako-sako a mariƙinsa. Kada ka sa leda, za ta dafa shi. Duk wanda ƙuda ya riga ya huda, cire shi, ƙulle a baƙar leda ka bar shi a rana kwana biyu, ko ka binne shi da zurfi. In ka jefar da shi a gefen lambu, ƙudan da za su fito daga ciki kanka za su dawo.

Ɗora kowane ɗa a kan fasasshen kasko, guntun katako ko busasshiyar ciyawa, don gara da danshi kada su ci cikinsa. Idan rana ta yi tsanani kuma ganye bai rufe shi ba, ɗan yafa masa ciyawa a ka.

Mataki na 9: Kare ganye

Tunda ganye ke yin zaƙi, duk abin da ya taɓa shi ya taɓa girbinka. Riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa sau biyu a mako.

Jan buzuzu yana huda ganyen ƙananan tsiro. Da sassafe ba ya da kuzari, kama shi da hannu, ka barbaɗa toka a ganyen. Darɓa da farin ƙuda suna taruwa a bayan ganye, su sa ya nannaɗe ya yi danƙo, suna kuma yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya tsumbure. Daka ƙwallon darbejiya rabin kilo, jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, tace, narka ɗan sabulu a ciki, ka fesa da yamma har bayan ganye, sau ɗaya a mako. Gindin da ya riga ya tsumbure ba ya warkewa, tumɓuke shi ka fitar.

Akwai kuma farar cuta da ke bayyana a tsofaffin ganye kamar an barbaɗa gari. Cire ganyen da ta fara kamawa, ka fesa ƙaramin cokali ɗaya na hodar bekin soda a lita guda ta ruwa da ɗigon sabulu. Ka yi hattara da maganin farar wuta da ake sayarwa don wannan cuta, yana ƙone ganyen shammam a lokacin zafi. Idan abin ya fi ƙarfinka, ɗauki ganyen ka kai wa malamin gona ya gani kafin ka sayi kowane magani, ka kuma tambayi kwanakin da za a jira tsakanin feshi da ci.

Mataki na 10: Janye ruwa

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikinsu. Yayin da ɗan ke girma yana buƙatar ruwa a kai a kai, kada ka bari ƙasa ta bushe ƙayau sannan ka malala mata, wannan ke fasa shi. Amma idan ya daina girma, ragar ta fito ta cika bayansa, wajen wata guda bayan haɗa fure, sai ka rage ruwan zuwa rabi. A makon ƙarshe ka ba shi abin da zai hana ganye mutuwa kawai. Za ka ji tausayinsa, bokiti na hannunka, rana tana dukansa. Daure. Ruwan da za ka ƙara masa a wannan mako shi zai tsinka zaƙin.

Matsala ɗaya ita ce 'ya'yan gindi ɗaya ba sa nuna tare. Shi ya sa yake da kyau waɗanda ka bari su zama sa'o'in juna, waɗanda suka kama cikin mako guda.

Mataki na 11: Cira

Daga haɗa fure zuwa nuna kwana 35 zuwa 45 ne. Kada ka ƙwanƙwasa shi irin yadda ake yi wa kankana, ba zai gaya maka komai ba. Duba waɗannan: launin da ke ƙarƙashin ragar ya juya daga kore zuwa ruwan ƙasa mai rawaya, ƙamshi yana tashi daga gindinsa, sannan tsaga ta kewaye inda mariƙi ya haɗu da ɗan. Sa babban yatsa ka ɗan tura mariƙin. Idan ya saki da kansa ya bar ɗan gurbi mai santsi, ya yi. Idan sai ka ja da ƙarfi, bar shi, ka dawo gobe. A waɗannan kwanaki kullum za ka duba, domin a zafin bazara kwana biyu sun isa ya wuce, kuma ɓera da gafiya suna jin ƙamshin kafin kai.

Wannan alamar ta mai raga ce. Rawayen nan mai santsin ɓawo da ya cika kasuwannin kayan marmari ba ya sakin mariƙinsa, shi da wuƙa ake yanke shi idan launinsa ya cika.

Ka cire da safe, ka ajiye a inuwa. Kwana ɗaya ko biyu a ɗaki zai ƙara laushi da ƙamshi. Kafin yankawa wanke bayansa da ruwa mai tsabta kana gogawa da buroshi, saboda ragar tana riƙe datti kuma wuƙa tana shigar da shi ciki. Ba ƙaramin abu ba ne: a Amurka a 2011 mutum 33 suka rasu sanadiyyar ƙwayar cutar listeriya da ta gurɓata irin wannan shammam. Wanda aka yanka a shanye, ko a sa a firji nan da nan.

Idan babu fili

Mai tsakar gida na siminti ma zai iya. Samu buhun shinkafa ko jarka mai lita 25 da aka yanke kanta, ka huda gindin wuri biyar ko shida. Cika da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Gindi ɗaya a kowane buhu, 'ya'ya biyu kacal. Kafa sanduna ko ka ɗaura igiya a katangar da rana ke duka, yaɗon ya hau. Idan ɗan ya kai girman lemo, yi masa goyo da tsohon ɗankwali ka ɗaure a sandar, in ba haka ba nauyinsa zai tsinke shi tun bai nuna ba. Buhu yana saurin bushewa, a bazara sai an duba shi safe da yamma, kuma a ɗora shi a kan bulo ko katako don zafin siminti kada ya gasa saiwa.

Ajiye iri

Ɗebi ƙwaya daga wanda ya fi zaƙi, wanda ya nuna a jikin yaɗo. Zuba su a ruwa, masu tasowa sama fanko ne, zubar da su. Wanke na ƙasan, shanya a inuwa mako guda, ka sa a kwalba mai murfi da ɗan toka, ka rubuta wata da shekara. In an adana shi a wuri mai sanyi da bushewa yakan kai shekara uku ko huɗu da ransa. Amma idan akwai gurji kusa da lambunka lokacin fure, kada ka ajiye wannan irin. Zuma tana haɗa su, shammam ɗin bana ba zai canza ba, amma wanda za ka shuka daga ƙwayarsa baɗi zai ɗauko ɗanɗanon gurji. Kankana da kokwamba ba sa haɗuwa da shi, su ba matsala.